Yadda Ake Zaɓen Fim Mai Sauri Idan Za a Kai Mama Ganin Yayarta

Idan ka bi matakan nan ɗaya bayan ɗaya, ba ka tsallake ko guda ba, na yi maka alkawarin za ka dawo daga tafiya da sunan gwanin hoto, har dangi su riƙa gyara zama idan ka shigo ɗaki. Ka lura da kyau, sunan na yi maka alkawari. Maganar hoton kansa za mu zo kanta.

Za ka so sanin ko ni wace ce. Ban taɓa ɗora fim a kyamara ba, ba kuma na shirin farawa. Amma na daɗe ina raba firij ɗaya da fim, kuma ina auren mutumin da yake leƙa shi kowace safiya kafin ya tambayi yadda na kwana. Irin wannan ilimi ba a makaranta ake samunsa ba.

Ga halin da kake ciki. Mahaifiyarka, wadda kowa ke ce wa Mama, yaya ɗaya ta rage mata a duniya, ita ce kuke kira Inna. Inna tana can wani gari mai nisa a gidan ɗanta, sun yi shekaru ba su sa juna a ido ba, yanzu kuma an aiko cewa jikin nata ya yi nauyi. Mama ta ce a kai ta. Abu ɗaya ta roƙa: hotonsu su biyu, na takarda, wanda za ta riƙe a hannu, domin hotunanta na waya duk sun tafi ranar da wayar ta faɗa bokitin wanki, kuma ko a cikinsu babu wanda suke tare. "Ba na jin akwai wani ganin bayan wannan," in ji ta. Kai kuwa, da ka sayi tsohuwar kyamara mai fim kwanan baya, ka bugi ƙirji ka ce a bar maka komai. Madalla. Mu fara.

Mataki na 1: Fara da raina wayar kowa

Ba a zaɓen fim sai an zubar da mutuncin waya tukuna. Duk inda ka ga wani ya ɗaga waya zai ɗauki hoto, yi ɗan murmushin tausayi ka girgiza kai. Idan aka tambaye ka ko lafiya, ka ce, "Ba komai. Hoton waya ne dai ba shi da rai." Kada ka ƙara bayani, don ba ka da shi.

Ƙanwarka za ta ce, "Yaya, ka dai tafi da babbar wayarka saboda tsautsayi." Dube ta sama da ƙasa. Faɗa mata cewa shirin ko-ta-kwana shi ke kashe zuciyar mai fasaha. Sannan ka sanar a gaban shaidu cewa ƙaramar waya mai madannai kawai za ka riƙe, ta kira da amsawa. Ka ɗaga murya sosai, yadda ko ka so janyewa daga baya kunya ba za ta bar ka ba.

Mataki na 2: Shiga shago kamar kai ka gina shi

Nemo inda har yanzu ake sayar da fim. Za ka sha yawo. A ƙarshe za ka same shi a wani lungu bayan masu gyaran agogo, shagon da rabinsa caza ce, rabinsa rigunan waya, fim ɗin kuma yana cikin aljihun tebur tare da matattun batura. Rataya kyamararka a wuya tun daga bakin titi.

Mai shagon zai ce, "Yallaɓai, wanne za a ba ka?"

Ka ce, "Me kake da shi mai kala, mai sauri?"

Zai zazzage aljihun a kan tebur, ya goge kwalayen da gefen rigarsa, ya ce, "Ai duk masu sauri ne, Yallaɓai. Wannan ma jiya-jiya ya iso."

Shi bai sani ba, kai ma ba ka sani ba, amma shi ya san bai sani ba, kuma a nan ka fi shi. Ɗauki kwali ɗaya ka shinshina. Juya shi ka duba ranar lalacewarsa, wannan kam da gaske ake dubawa, ko da yake kai za ka yi ne don ya ga ka tsuke baki.

Bari in taimake ka a ɓoye, tunda na sha wannan lacca a kan abinci har na haddace ta. A jikin kowane kwali akwai lamba: 100, 200, 400, 800. Lambar tana faɗin yadda fim ɗin yake saurin shan haske. Mai ƙaramar lamba malalaci ne, sai rana ta take yake aiki, amma hotonsa sumul yake fita. Mai babbar lamba mayunwaci ne, ɗan hasken da ya leƙo ta gefen labule ya ishe shi, kuma da yake ƙiftawa ɗaya yake buƙata, yana iya kama abu mai motsi ya tsayar da shi cak. Aibinsa shi ne hotonsa yakan fito da yashi-yashi, kamar an leƙa ta rariya.

Mataki na 3: Zaɓi lambar da ta dace, don dalilin da bai dace ba

Bar 100 wa masu zuwa bakin teku su kwanta a rana. Shi 400 na masu hankali ne, yana yi a rana, yana yi a inuwa, kuma duk wanda ya san abin shi zai ce matafiyi ya riƙe. Saboda haka ka guje shi. Abokin aikinka mai tebur kusa da taga, wanda ya fara shigo da wannan ciwo ofis, 400 yake sawa, kuma ba zai yiwu a gan ka da lamba ɗaya da mutumin da ka riga shiga aiki ba.

Ɗauki 800, guda uku.

Akwai dalilai masu kyau na yin haka. An yi wa Inna aikin ido, likita ya hana ta haske mai ƙarfi, don haka babu maganar kunna filasha, labulen ɗakinta ma kullum a sake yake. Sannan tun wani ciwo da ta yi kanta yake rawa, ba ya tsayawa wuri ɗaya. Ɗaki mai duhu da kai mai motsi, ai don irin wannan rana aka yi 800. Sai dai kai ba ka san ko ɗaya daga ciki ba, domin lokacin da Mama take faɗa kana can kana hura wa idon kyamara iska kana gogewa. Ba laifi. In an tambaye ka daga baya, ka ce lissafi ka yi.

Mataki na 4: Ƙwace firij

Fim yana son sanyi, zafi yana jirkita masa kala. Wannan gaskiya ce, kuma gaskiya makami ce, yi amfani da ita. Kwashe kayan matarka daga hawan sama na firij ka ayyana shi a matsayin naka. Idan ta yi magana, tambaye ta ko ta san abin da zafi yake yi wa launin ja.

Kowane fim yana zuwa cikin 'yar baƙar roba mai murfi. Kana da tsoffin robobi na finafinan da ka ɓata wajen koyo. Miƙa wa matarka su, ka ce, "Ga su nan, ki yi amfani da su," da fuskar wanda ya yi kyautar mota. Za ta ga murfinsu yana kamawa gam, ta zuba yis na kwaɓa burodi a ciki, ta ajiye a firij ɗin nan dai. Kada ka tambayi me ta yi da su. Babban mutum ba ya bin diddigin kyautarsa.

Yanzu ɗora fim ɗaya a kyamara, ka murɗa 'yar da'irar da ke samanta zuwa 800 don ita ma ta san da wa take aiki. Hoto talatin da shida fim ɗaya yake ɗauka, kuma akwai 'yar taga da ke ƙirga maka. Yi gwaji. Ɗauki mage. Ɗauki takalminka. Ɗauki bayan matarka tana wanke-wanke tana cewa a rabu da ita. Sake ɗaukar magen, don ta juya. Kafin ka ankara tagar ta nuna shida.

Mataki na 5: Makara ranar tafiya

Mama za ta shirya tun kafin gari ya gama wayewa, ta shiga tasi ta zauna da jakarta a cinya. Bar ta ta jira. Kai kana da babban aiki a gaban madubi: hula mai baki ko maras baki, da 'yar falmaran nan mai aljihu goma sha wani abu wadda ba a zama mai hoto sai da ita.

Idan direban ya fara danna oda ba ƙaƙƙautawa, ruga firij, miƙa hannu ba tare da ka sunkuya ba, ka damƙo baƙaƙen robobi biyu ka jefa a aljihu. Kada ka buɗe su. Fim ɗin da ya fito daga sanyi sai ya huce ake buɗe shi, in ba haka ba ya yi gumi. Ka ga amfanin ilimi.

Mataki na 6: Koyar da jami'in filin jirgi aikinsa

A wajen binciken kaya akwai na'urar da ke haska cikin jaka, kuma haskenta yana iya taɓa fim, musamman mai sauri. Don haka ana roƙon a duba fim da hannu, cikin ladabi, da murya ƙasa-ƙasa. Kai ka bar ladabin.

Jami'in zai ce, "Malam, sa komai a faranti."

Ciro robobinka biyu ka ɗaga su sama yadda na ƙarshen layi zai gani. Ka ce, "Waɗannan ba za su shiga ba. Fim ne, ɗari takwas. Kun san ɗari takwas kuwa?"

Yi masa bayani dalla-dalla. Kana cikin bayanin, ɗaya hannun naka zai cire bel, ya cire agogo, ya cire kyamarar daga wuyanka ya ajiye a faranti, farantin kuma ya lula cikin na'ura da fim ɗinka a cikinta. Kada ka waiwaya, kana tsakiyar jimla.

Jami'in zai karɓi roba ɗaya ya buɗe. Zai daɗe yana kallon ciki. Zai buɗe ta biyu, sannan ya yafito abokin aikinsa, shi ma ya leƙa, su dube ka tare.

"Malam, wannan garin mene ne?"

A nan gumi zai karyo maka ta ƙarƙashin falmaran. Kada ka damu, Mama tana nan. Za ta ture ka gefe, ta tsoma yatsa ta ɗanɗana, ta ce, "Yis ne, ɗana. Na matarsa ne. Ku yi masa haƙuri, tun yana yaro haka yake."

Kuna zaune kuna jiran jirgi ƙaramar wayarka za ta yi ƙara. Matarka ce, tana so ta sanar da kai cewa ta ga fim ɗinka biyu a bayan robar madara, ko ta ajiye maka? Ka ce, "Na sani," ka kashe.

Mataki na 7: Kada ƙarancin fim ya tauye fasaharka

Yanzu fim ɗaya gare ka a duniya, saura hoto talatin a cikinsa, ya kuma sha hasken na'ura. Mai hankali zai rufe kyamara ya rungume ta har ƙofar ɗakin Inna. Kai mai fasaha ne.

Ɗauki fiffiken jirgi. Ɗauki gajimare, sannan ka sake, don na biyun ya fi kama da rago. Ɗauki kofin shayi a kan ɗan teburin nan mai naɗewa. Da kun sauka, ɗauki inuwarka a ƙasa, da wata tsohuwar ƙofa mai ɓawon fenti, da keken da aka jingine a bango, daga gaba da daga baya. Idan ka ga ruwa ya kwanta a titi, tsayar da tasi ka tsuguna.

Mama za ta taɓo ka ta ce, "Ka dai rage mana ko?"

Ka ce, "Haba Mama, akwai."

Za ta koma ta gyara jakarta. A cikin jakar akwai gyale biyu iri ɗaya, sababbi, ɗaya nata ɗaya na yayarta, ta saye su ne don hoton kawai. Tun a jirgi take buɗewa tana leƙa su. Kai kada wannan ya ɗauke maka hankali, ga wani kare can yana barci a ƙarƙashin mota.

A ƙofar gidan za ka duba 'yar tagar ƙirga. Talatin da huɗu. Yi sallama.

Mataki na 8: Kawar da duk wata hanyar tsira

Ɗakin Inna yana ƙarshen baranda, labule a sake, sai warin man zafi da ƙarar fanka. Za ka same ta a kan gado an tokare ta da matasai, ta koma 'yar mitsitsiya, kanta yana kaɗawa hagu da dama kamar mai ƙin wani abu da ba a daina yi mata tayinsa ba.

"Auta?" za ta ce.

"Yaya," in ji Mama, ta zauna a bakin gadon ta kama hannunta da hannu biyu.

A nan ko ni ba ni da abin dariya. Tsofaffi biyu ne da suka tashi a tabarma ɗaya, kowacce tana neman yarinyar da ta sani a fuskar ɗayar, kuma abin yana da ciwo. Amma kai kana da aiki.

Surukar Inna, matar ɗanta wadda ke jinyarta, za ta ciro waya ta ce, "Bari in ɗauke su, wallahi sun yi kyau." Ɗaga mata tafin hannu. Ka ce, "Don Allah a mayar da wayoyi, haskensu yana ɓata min ma'auni." Ba ta san me kake aunawa ba, kai ma haka, amma kai baƙo ne kuma kana da falmaran. Za ta mayar da wayar aljihu.

Inna kuma za ta ƙarasa maka aikin. Za ta ce, "Sau ɗaya zan zauna wa hoto, gobe da safe. Daga shi kada wanda ya sake nuna min wani abu. Ba na so a ajiye ni ina kaɗawa kamar ganye."

Da kun fito baranda Mama za ta riƙe hannun rigarka. Za ta ce, a hankali, "Na kasa ganin fuskarta. Duk na kafa ido sai ta gudu. So nake in gan ta sau ɗaya a tsaye, yadda na san ta." Gyaɗa kai irin na ƙwararru, ka nemi hanyar banɗaki.

Mataki na 9: Kashe ɗaya daga cikin biyun da suka rage

Da safe za a yafa musu gyalen nan biyu. Jera su kafaɗa da kafaɗa. Ja da baya, matso, durƙusa, miƙe. Sannan ka ba da umarni da murya irin ta masu aiki: "Inna, a ɗan tsayar da kai."

Inna za ta ce, "Kai Mai Surutu, da yana tsayawa, kai zan jira ka faɗa min?" Mai Surutu sunan da ta sa maka ne tun kana rarrafe, kuma yanzu surukarta ma ta ji.

Danna. Talatin da biyar.

Surukar za ta matso ta ce, "Yaya, wannan baƙin murfin da ke bakin kyamarar, haka ake barinsa?" Irin kyamararka tagar leƙawa daban take da idon ɗauka, saboda haka kana ganin komai tar alhali ita ba ta ga komai ba. Ka ce, "Gwaji na yi." Cire murfin ka jefa a ɗaya daga cikin aljihunanka, inda ba za ka sake ganinsa ba.

Saura ɗaya. Sa a ɗan ja labule ta gefe, yadda haske zai sauka a kumatunta ba a idonta ba. Leƙa. Sauke. Goge tafin hannu a wando. Sake leƙawa. Ka daɗe haka har su manta da kai, domin za su manta.

Inna za ta ce, "Auta, har yau ba ki amsa ba. Madubin Innarmu ke kika fasa, aka dake ni."

"Wallahi kaza ce, Yaya."

"Kaza ta hau kan akwati ta buɗe ƙyalle? Kin yi jikoki kina ɗora wa kaza?"

Mama za ta tuntsire da dariya ta faɗa kafaɗar yayarta, Inna ta juyo tana dariya har ana ganin dasashi, kai kuma yatsanka zai danna da kansa saboda tsoro. Ka gwada murɗa fim, hannun murɗawar ya ƙi tafiya. Ya ƙare.

Mataki na 10: Ci gaba da ɗauka

Kada ka yarda kowa ya sani. Shiga banɗaki, naɗe fim ɗin tsaf kafin ka buɗe bayan kyamara, ka cusa shi a aljihun ciki. Fito da kyamara fayau a wuya.

Za ka tarar labari ya zaga. Ɗan Inna ya sa rigarsa ta zuwa ɗaurin aure, surukar ta canza kaya, maƙwabta sun shigo da jariri, har mai gadin layin ya zo da sandarsa. Jera su. Ce wa dogaye su koma baya. Danna, murɗa, danna, kyamarar tana ƙara daidai yadda take yi da fim, ba mai iya bambancewa. Waɗannan su ne hotuna mafi kyau da za ka taɓa ɗauka, babu wanda ya ƙifta ido, babu wanda kansa ya yanke. Kowa ya tambaya ka ce, "Za a aiko."

Mataki na 11: Ja lokaci

Da kun dawo gida, mayar da fim ɗin cikin robarsa ta asali ka sa a firij. Muddin ba a wanke shi ba, hoton yana nan lafiya, ya fito tar, kai kuma gwani ne.

Mama za ta riƙa tambaya duk ranar da ka je gaishe ta. "An wanke?" Tanadi amsoshi. Mai wankin ya yi tafiya. Ruwan wankin ya ƙare, ana jiran sabo. Fim mai sauri sai ya huta bayan doguwar tafiya. Wannan ta ƙarshen ƙarya ce tsagwaronta, amma ita ta fi shiga.

Kana iya tafiya a haka makonni. Abin da zai katse ka shi ne kiran waya wata safiya, daga ɗan Inna. Inna ta rasu.

Daga ranar Mama ba za ta sake tambayarka ba. Za ka je gaishe ta, ta amsa, ta tambayi yara, ta tambayi aiki, ta yi shiru. Ka shirya wa kowace tambaya amsa, amma ba ka shirya wa wannan ba, kuma ni ma ba ni da dabarar da zan ba ka. Wata rana za ka buɗe firij ka ɗauki robar, wannan karon ka buɗe ka duba, ka fita ba hula ba falmaran.

Mataki na 12: Miƙa ambulan

Mai wankin zai tambaya ko a fitar da duka. Ka ce duka. Kada ka buɗe ambulan ɗin a hanya, ba za ka iya ba. Kai wa Mama shi a rufe, ka zauna a ƙasa kusa da kujerarta. Matarka za ta tsaya a bakin ƙofa, wai ta zo ɗaukar kofi.

Mama za ta sa tabarau ta fara ɗagawa ɗaya bayan ɗaya. Mage. Takalmi. Mage.

"Wannan fa?"

"Fiffiken jirgi ne, Mama."

"Wannan?"

"Keke."

"Wannan ma keken ne?"

"Ta baya."

Ba za ta yi faɗa ba, da ma ta yi. Za ka ga dai hannunta yana rage sauri yayin da tarin yake sirancewa. Kare a ƙarƙashin mota. Sai wani baƙi ƙirin, babu komai a cikinsa, za ta daɗe a kansa tana juya shi ko za ta ga wani abu. Sannan na ƙarshe.

Ta fuskar sana'a hoton bai yi ba. Yashi-yashi ya cika shi. Gefe ɗaya ya yi fari-fari kamar hayaƙi, aikin na'urar filin jirgi. An yanke saman gyalen Mama, hannunta da ta ɗaga tana dariya ya zama wani shafe-shafe. Amma a tsakiya ga fuskar Inna, haske a kumatunta, baki buɗe, idonta a kan ƙanwarta, kuma ko gezau ba ta yi ba.

Za ka fara, "Mama, wannan yashin, ai na'urar ce ta..."

"Yi min shiru."

Za ta matso da shi kusa, ta nisanta shi, ta sake matso da shi. Ta goge shi da bakin gyale ko da yake babu ƙura a kansa.

"Ya tsaya," za ta ce. "Kanta ya tsaya. Ga Yaya nan."

Wannan ita ce damar da ka sha duk wahalar nan dominta. Gyara murya ka ce ai da ma lissafi ka yi, ɗari takwas ke nan, 400 ba zai iya ba. Idan bakinka ya buɗu, faɗa. Wanda na sani nasa bai buɗu ba. Tashi ya yi ya shige kicin, ya buɗe firij ya tsaya a gabansa har injin ya fara kuka.

Wanke hannu

Marubuciyar wannan jagora ba ta ɗauki alhakin komai ba. Ba ruwanta da ɗan Inna da ke bugo waya yana tambayar hotonsa, ko maƙwabtan da jaririnsu ya fara tafiya ana jiran a aiko, ko mai gadin da aka ce har firam ɗin sa hoto ya saya. Ba ruwanta da abin da ya faru a filin jirgi: kyauta aka ba ta, murfin yana kamawa, kuma har yau ba a biya ta yis ɗinta ba. Idan wani ya ga labarin ya yi kama da na wani mai falmaran da ke kwana a ɗakinta, dacewa ce kawai. Wanda ya bi matakan nan ya dawo da keke talatin da shida, ya nemi wanda zai kai wa ƙara, don ba kowa ne yatsansa yake fin shi hankali ba.

Robar da fim ɗin ya fito daga ciki kuwa tana nan a hawan sama na firij. Murfinta ya fi na sauran kamawa, amma ban zuba komai a cikinta ba, kuma kada wanda ya taɓa min ita.